Babi na Bakwai: Sojan da Ya Ƙi Allura

Shin gwamnati tana da ikon hukunta soja don kawai ya ƙi miƙa damtsensa a yi masa allurar rigakafi? Wannan tambaya ce da mutane da yawa suka yi ta yi tun daga ƙarshen shekarar 2021, lokacin da labarai suka fara fitowa daga Amurka cewa ana sallamar sojoji daga aiki saboda sun ƙi allurar korona, cikinsu har da waɗanda suka yi yaƙi a Iraƙi da Afganistan. Wasu na ganin mutumin da ya yarda ya tari harsashi don ƙasarsa ya cancanci a bar masa ikon jikinsa, wasu kuma na ganin wanda ya sa kaki ya yi rantsuwar biyayya ba shi da hurumin zaɓar umarnin da zai bi da wanda zai bari. Amsar da dokokin soja suka bayar ita ce ikon yana nan, kuma tsoho ne, amma tarihin Amurka ya nuna cewa ikon yana da sharuɗɗa, kuma kusan duk lokacin da hukumomin soja suka sha kaye a gaban alƙali a kan wannan batu, sun sha shi ne saboda su ma sun tsallake dokar da ta ɗaure su.

Cuta a cikin bariki

Dalilin da ya sa rundunoni suka riga farar hula tilasta rigakafi yana cikin yanayin zaman soja kansa. Samari ne daga garuruwa dabam-dabam ake tarawa wuri guda, suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci tare, suna amfani da makewayi ɗaya, sannan a kwashe su zuwa ƙasar da jikinsu bai saba da cututtukanta ba. Kafin ƙarni na 20, a yawancin yaƙe-yaƙe, waɗanda cuta ta kashe sun fi waɗanda makami ya kashe yawa.

Amurka ta koyi wannan darasi tun kafin ta zama ƙasa mai cin gashin kanta. A shekarun 1775 da 1776 dakarunta sun kai hari birnin Kwibek na Kanada, sai cutar agana ta shiga cikinsu ta kwantar da dubbai, har ta kashe kwamandansu, Janar John Thomas, a watan Yunin 1776, rundunar ta koma gida a wargaje. A watan Fabrairun 1777 George Washington ya ba da umarnin a yi wa sojojinsa rigakafi, kuma rigakafin wancan zamani ya fi na yau haɗari nesa ba kusa ba, domin Edward Jenner bai fito da tasa hanyar ba sai a 1796. Abin da ake yi shi ne likita ya tsaga fatar hannun lafiyayyen soja da wuƙa, ya ɗebo ruwan ƙurjin mai agana, sau da yawa a jikin zare, ya cusa a cikin tsagar. Daga nan sojan zai kwanta makonni da zazzaɓi da ƙuraje a keɓe, kuma mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari kan mutu, alhali idan cutar ta kama mutum da kanta tana iya kashe kusan talatin cikin ɗari. An yi aikin a asirce don kada abokan gabarsu, Turawan Ingila, su san cewa wani ɓangare na rundunar yana kwance.

Bayan kusan shekara ɗari, yaƙin Faransa da Jamus na 1870 zuwa 1871 ya sake tabbatar da lissafin: sojojin Jamus, waɗanda ake sabunta musu lamba a kai a kai, ba su rasa mutum 500 ba ta dalilin agana, su kuwa na Faransa sun rasa fiye da 20,000. A yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898 zazzaɓin taifot ya kama sojojin Amurka fiye da 20,000, ya kashe sama da 1,500, akasarinsu a sansanonin horo na cikin gida tun ba su ga abokin gaba ba, adadin da ya ninka na waɗanda suka mutu a fagen fama. Wannan ne ya kai ga wajabta allurar taifot a rundunar ƙasa ta Amurka a 1911. A yau kurtun da ya shiga aikin soja a can yana karɓar allurai da dama a makonninsa na farko, irin su na ƙyanda da sanƙarau da shan inna da mura, kuma ana ƙara masa wasu, kamar ta shawara, gwargwadon ƙasar da za a tura shi.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. A 1942 an yi wa sojojin Amurka allurar shawara da ta gurɓata da ƙwayar cutar hanta, kimanin 50,000 suka kwanta rashin lafiya. Don haka sojan da ya ji tsoron allura ba lallai ne jahilci ya sa shi ba, domin ita ma hukumar da ke ba shi umarni ta taɓa yin kuskuren da jikin sojoji ya biya.

Abin da ya sa umarni ya zama umarni

Sojan Amurka yana ƙarƙashin wani kundi na musamman da majalisar dokoki ta zartar a 1950, wanda ya haɗa laifuffuka da hukunce-hukuncen dukkan rundunoni wuri guda. Sashe na 90 na kundin ya hukunta ƙin bin umarnin hafsa da gangan, sashe na 92 kuma ya hukunta saɓa wa umarni na gama-gari ko ƙa'idar da aka kafa wa runduna baki ɗaya. Babu wani sashe da ya ambaci allura da sunanta. Ƙin allura yana zama laifi ne saboda ƙin umarni ne, kamar yadda ƙin fita sintiri ko ƙin zuwa inda aka tura mutum yake.

Ƙa'idar da kotunan soja ke bi ita ce ana ɗaukar kowane umarni a matsayin halattacce har sai an tabbatar da akasin haka, matuƙar yana da alaƙa da aikin soja, wato yana taimaka wa cika aikin runduna ko kare lafiyarta da tarbiyyarta. Wanda ya ƙi bi saboda yana ganin umarnin haramtacce ne ya ɗauki kasada a kansa, domin alƙali ne zai yanke daga baya ko ya yi daidai, idan kuma bai yi ba, kyakkyawar niyyarsa ba za ta wanke shi ba. Togaciyar da aka sani ita ce umarnin da haramcinsa a fili yake ga kowane mai hankali, kamar a ce a harbe fararen hula, irin abin da ya faru a ƙauyen My Lai na ƙasar Biyetnam a 1968. Irin wannan umarni wajibi ne a ƙi shi. Kotunan soja ba su taɓa sa allurar da hukumar magunguna ta amince da ita a wannan sahu ba. A 1965, a shari'ar da aka sani da sunan Chadwell, wasu sojoji biyu na rundunar Marin sun ƙi allurar agana da taifot da mura bisa dalilin addini, aka same su da laifi, kuma hukumar ɗaukaka ƙara ta sojan ruwa ta tabbatar da cewa imanin mutum ba ya ɗauke masa bin halattaccen umarni. Kotun Ƙolin Amurka ma, a shari'ar Parker da Levy ta 1974, ta bayyana cewa soja al'umma ce ta daban da ta farar hula, wadda buƙatar biyayya a cikinta ke halatta abubuwan da ba za a yarda da su a waje ba.

Akwai bambanci mai muhimmanci da ya kamata a riƙe tsakanin tilastawa da doka da tilastawa da ƙarfin tuwo. A aikace ba a danne soja a soka masa allura. Ana ba shi umarni ne, idan ya ƙi sai sakamako ya biyo baya. Maniyyacin da ke shirin aikin Hajji ya san irin wannan tsari, domin babu mai kama shi a yi masa allurar sanƙarau da ƙarfi, amma ba tare da katin shaidarta ba ba zai shiga Saudiyya ba. Inda suka rabu shi ne maniyyaci yana iya fasa tafiya ya koma gida babu abin da zai same shi, shi kuwa soja ya sa hannu a kan wa'adin aiki, ba ya da ikon ajiye kaki ranar da ya ga dama, don haka ƙinsa ba ya ƙarewa a rufe masa ƙofa, yana kai shi ga hukunci.

Matakan hukunci

Masu jin labari daga nesa sukan zaci duk sojan da ya ƙi umarni kotun soja yake zuwa, amma mafi yawan irin waɗannan al'amura ba sa kai wa can. Matakin farko nasiha ce: kwamanda ya kira sojan, a haɗa shi da likita ya yi masa bayanin allurar, a sake ba shi umarni, wannan karon a rubuce, ya sa hannu cewa ya ji ya kuma fahimta. Idan ya dage, sai a rubuta masa takardar tsawatarwa, wadda a rundunar ƙasa janar ne kan sa mata hannu. Takarda ce kawai, ba ta rage albashi ba ta ɗaure mutum, amma idan aka saka ta cikin fayil ɗinsa na dindindin, duk kwamitin ƙarin girma da zai zauna nan gaba sai ya gan ta, kuma ga hafsa wannan kusan yana nufin ƙarshen ci gabansa. Tare da ita akan dakatar da ƙarin girma, da zuwa kwas, da canjin wurin aiki, kuma mai riƙe da kwamanda akan sauke shi.

Mataki na gaba shi ne hukuncin da sashe na 15 ya ba kwamanda ikon yankewa da kansa ba tare da kotu ba. Yana iya rage wa ƙaramin soja igiya, ko ya yanke rabin albashinsa na wata biyu, ko ya hana shi fita bariki har kwana 60, ko ya ɗora masa ƙarin aiki. Sojan yana da damar ƙin wannan hanya ya nemi a kai shi kotun soja, sai dai idan yana aiki a cikin jirgin ruwa, amma wanda ya zaɓi kotu ya san cewa abin da zai iya samunsa ya fi tsanani: saɓa wa umarni na gama-gari yana iya kai wa ɗaurin shekara biyu, da rasa dukkan albashi, da korar wulaƙanci, kuma hukuncin yana bin mutum a matsayin tarihin laifi.

Sai dai abin da ya fi shafar rayuwar yawancin waɗanda suka ƙi allura shi ne irin sallamar da aka yi musu, kuma nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Duk wanda ya bar aikin soja a Amurka ana ba shi takardar da ke bayyana yadda ya bari, kuma matakan biyar ne. Na sama shi ne sallamar girmamawa, wadda ke buɗe wa tsohon soja dukkan haƙƙoƙinsa. Sai sallama ta gama-gari, wadda ke nuna cewa aikinsa ya gamsar amma da tabo. Sai wadda ba ta girmamawa ba, sannan biyu na ƙasa, wato ta mugun hali da ta wulaƙanci, waɗanda kotun soja ce kaɗai ke iya yanke su. Tazarar da ke tsakanin ta farko da ta biyu ƙarama ce a takarda, amma babba ce a rayuwa, domin tallafin karatun jami'a da gwamnati ke ba tsofaffin sojoji, wanda shi ne ya ja ɗimbin 'ya'yan talakawa shiga soja tun da farko, yana buƙatar sallamar girmamawa. Saje mai shekara goma sha biyar a bakin aiki da aka sallama ya rasa fanshon da ake samu a shekara ashirin, ya fita daga gidan bariki da iyalinsa, kuma ana iya neman ya mayar da wani ɓangare na kuɗin da aka ba shi lokacin da ya sabunta wa'adinsa. A takardar kuma akwai wata alama da ke nuna ko za a iya sake ɗaukarsa, da dalilin sallama, wanda duk mai ɗaukar ma'aikata da ya nemi ganin takardar zai karanta.

Darasin antiraks

Rikici mafi girma kafin korona ya taso ne a kan allurar antiraks, cutar da ke kama shanu da tumaki, wadda kuma ake iya sarrafa ƙwayarta ta zama makamin da ake shaƙa. A lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991 an yi wa sojojin Amurka kimanin 150,000 wannan allura saboda tsoron makaman Iraƙi, kuma ba a ajiye bayanan wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba yadda ya kamata. Da dubban tsofaffin sojojin wannan yaƙi suka dawo suna fama da gajiya da ciwon gaɓoɓi da mantuwa da ba a gano musabbabinsu ba, sai zargi ya faɗa kan allurar, ko da yake bincike bai tabbatar da cewa ita ce sanadi ba. A cikin wannan yanayi na rashin yarda ne sakataren tsaro William Cohen ya sanar a watan Disambar 1997 cewa za a yi wa dukkan sojoji, aka kuma fara a 1998, alhali kamfani ɗaya tilo da ke yin ta a jihar Mishigan yana fama da matsalolin bin ƙa'ida a gaban hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA.

Ɗaruruwan sojoji sun ƙi, aka hukunta su, wasu ta kotun soja, kuma matuƙan jiragen sama da dama na rundunonin ko-ta-kwana sun gwammace barin aiki. Wanda shari'arsa ta fi yin amo shi ne Kyaftin John Buck, likita a rundunar sama, wanda kotun soja ta samu da laifi a 2001 ta ci shi tarar dala 21,000, ta tsawatar masa, ta hana shi fita sansani na kwana 60. Kotunan soja sun tsaya a kan matsayi guda, cewa umarnin halattacce ne, kuma tsoron illa ba hujja ba ce.

Kotun farar hula ce ta juya lamarin. Tun a 1998 majalisa ta yi dokar da ta hana ba soja maganin da yake matakin gwaji, ko wanda ba a amince da shi don wannan amfani ba, sai da yardarsa bayan an yi masa cikakken bayani, ko kuma shugaban ƙasa da kansa ya ɗauke wannan sharaɗi a rubuce. Wasu mutum shida suka shigar da ƙara ba tare da bayyana sunayensu ba, suna cewa ba a kammala amincewa da allurar a kan antiraks ɗin da ake shaƙa ba. Mai shari'a Emmet Sullivan na birnin Washington ya dakatar da shirin a watan Disambar 2003, sannan a watan Oktoban 2004 ya hana tilastawar, saboda FDA ba ta bi ƙa'idarta ta sauraron ra'ayin jama'a ba kafin ta yanke hukunci. Sai da hukumar ta sake bin hanyar daga farko ta fitar da matsayinta a watan Disambar 2005 kafin daga baya aka dawo da wajabcin ga masu zuwa wasu yankuna. Alƙalin bai ce allurar tana da illa ba, bai kuma ce soja ba ta da ikon tilasta rigakafi ba. Abin da ya ce shi ne gwamnati ta nemi biyayya a kan abin da ita ba ta cika sharaɗinsa ba. Waɗanda aka riga aka kora ko aka ɗaure kafin wannan hukunci kuwa, ba a mayar musu da matsayinsu kai tsaye ba, sai dai kowa ya bi hukumar gyaran bayanan aiki shi kaɗai, kuma wannan rashin adalci ne da bai kamata a wuce shi da sauri ba.

Korona

Hujjar hukumomin soja a kan korona ba ta rasa tushe ba. A watan Maris na 2020 cutar ta shiga katafaren jirgin yaƙi mai ɗaukar jiragen sama, Theodore Roosevelt, ta kama fiye da mutum 1,200 daga cikin ma'aikatansa kimanin 4,800, mutum ɗaya ya rasu, jirgin ya shafe kusan wata biyu a tsibirin Guwam ba ya aiki, kuma aka sauke kwamandansa, Kyaftin Brett Crozier, bayan wasiƙar neman agajin da ya rubuta ta fita ga 'yan jarida. Ƙwayar cuta ta tsayar da jirgin da babu abokin gabar da ya taɓa shi.

Darasin antiraks ya sa ma'aikatar tsaro ta jira. Watanni da dama allurar tana ƙarƙashin izinin gaggawa, sojoji suna karɓa bisa son ransu, har sai ranar 23 ga Agustan 2021 da FDA ta ba allurar Pfizer cikakkiyar amincewa. Washegari sakataren tsaro Lloyd Austin ya wajabta ta. Rundunar sama ta sa wa'adin 2 ga Nuwamba, ta ruwa da ta Marin 28 ga Nuwamba, ta ƙasa 15 ga Disamba. Kusan 98 cikin 100 na sojojin da ke bakin aiki sun karɓa. Majalisa kuma ta sa baki a ƙarshen Disambar 2021 ta kafa doka cewa duk wanda aka sallama saboda ƙin wannan allura kaɗai ba za a ba shi ƙasa da sallama ta gama-gari ba, abin da ya toshe hanyar korar wulaƙanci. Duk da haka an sallami fiye da mutum 8,000, rundunar Marin ce ke da kaso mafi girma, kuma da yawansu sallama ta gama-gari suka samu, da duk asarar da ke tattare da ita. A rundunar tsaron jihohi da ta ko-ta-kwana, dubun-dubatar da ba su yi allurar ba an hana su atisaye da albashinsa bayan wa'adin 30 ga Yunin 2022.

Masu ƙi suna da tasu hujjar da ta cancanci a saurara. Yawancin sojoji matasa ne masu lafiya waɗanda korona ba ta cika kashewa ba, kuma likitocin soja da kansu ne suka wallafa a 2021 cewa sun ga kumburin tsokar zuciya a jikin sojoji maza 23 bayan allurar, matsalar da ba ta da yawa kuma galibi takan warke, amma ta fi samun samari. Ga kuma ƙa'idar da Kotun Ƙoli ta kafa a shari'ar Feres ta 1950, wadda ta hana soja kai gwamnati ƙara a kan raunin da ya samu ta dalilin aikinsa. Wanda aka tilasta wa ɗaukar haɗari, aka kuma rufe masa ƙofar kotu idan haɗarin ya afka masa, yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya dalla-dalla, kuma a sake auna umarnin duk lokacin da yanayi ya canja, kamar yadda ya canja da nau'in korona na Omicron ya nuna cewa allurar tana kare mutum daga tsananin ciwo fiye da yadda take hana yaɗuwa.

Addini a gaban alƙali

Ƙa'idojin soja sun tanadi rangwame iri uku: na lafiya, na gudanarwa ga wanda ya kusa barin aiki, da na addini. Dubban sojoji sun nemi na addini, akasarinsu Kiristoci da ke ƙyamar cewa an yi amfani da ƙwayoyin halittar da asalinsu ya fito daga cikin da aka zubar shekaru da dama da suka wuce wajen gwada allurai ko sarrafa su. Fadar Paparoma ta ce a watan Disambar 2020 karɓar allurar ya halatta, amma babban limamin Katolika na sojojin Amurka, Timothy Broglio, ya ce bai kamata a tilasta wa wanda zuciyarsa ba ta yarda ba.

Tsakanin zamanin Chadwell da wannan lokaci doka ta canja. A 1993 majalisa ta zartar da dokar 'yancin addini da ta ce gwamnati ba za ta ɗora wa ibadar mutum nauyi mai yawa ba sai tana da dalili mai ƙarfin gaske, kuma babu wata hanya mafi sauƙi ta cimma shi, kuma dole a auna wannan a kan kowane mutum shi kaɗai. A nan ne rundunoni suka yi tuntuɓe, domin sun ƙi kusan dukkan buƙatun, da takardun amsa masu kama da juna, alhali sun ba da rangwamen lafiya da na gudanarwa ga mutane da yawa. A ranar 3 ga Janairun 2022 mai shari'a Reed O'Connor na jihar Texas ya hana sojan ruwa hukunta mutum 35, akasarinsu daga zaratan dakarun da ake kira SEAL, yana mai cewa tsarin duba buƙatun nasu na jeka-na-yi-ka ne, an san amsa tun kafin a karanta. Wani alƙali a jihar Ohayo ya ba da irin wannan kariya ga dubban sojojin sama. Shi ma babban mai binciken ma'aikatar tsaro ya rubuta wa sakatare a watan Yunin 2022 cewa saurin da ake duba takardun bai nuna ana auna kowa da kansa ba. Kotun Ƙoli, a watan Maris na 2022, ta raba gardamar da kyau: ta bar kariya daga hukunci, amma ta mayar wa sojan ruwa ikon yanke wanda zai tura fagen aiki da wanda ba zai tura ba, domin alƙali ba shi ne zai zaɓi wanda zai shiga jirgin ƙarƙashin ruwa ba.

Bayan an soke umarnin

Siyasa ce ta kawo ƙarshen lamarin, ba kotu ba. A watan Disambar 2022 majalisa ta saka sharaɗin soke wajabcin a cikin dokar kasafin tsaro, Shugaba Joe Biden ya sa hannu duk da bai so ba, Austin kuma ya janye umarnin ranar 10 ga Janairun 2023. An buɗe wa waɗanda aka sallama ƙofar dawowa, amma zuwa kakar shekarar 2023 mutum 43 ne kawai suka dawo. Ranar 27 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a mayar da su da muƙamansu da albashin da suka rasa, bisa sharaɗin sabon wa'adin aiki. Cikin ƙasa da shekara huɗu, aiki ɗaya ya tashi daga laifin da ake kora a kansa zuwa abin da ake biyan diyya dominsa, kuma wannan abin damuwa ne ga duk mai kishin tarbiyyar soja, ko da wane ɓangare yake goyon baya. Kwamandan bataliya da ya aiwatar da halattaccen umarni a 2021 yanzu yana tsaye gaban sojojin da suka ga cewa haƙuri har zaɓe mai zuwa yana iya shafe hukunci, shi kuma sojan da ya karɓi allurar ba da son ransa ba don ya riƙe aikinsa yana da damar tambayar abin da biyayyarsa ta saya masa.

Sauran ƙasashe ba su bi hanya ɗaya ba. Ingila ba ta wajabta wa sojojinta allurar korona baki ɗaya ba. A Jamus dokar soja ta ɗora wa soja wajibin haƙuri da wasu matakan rigakafi, an saka korona a ciki a watan Nuwamban 2021, babbar kotun gudanarwa da ke Leipzig ta tabbatar da hakan a watan Yulin 2022 tare da sharaɗin a ci gaba da sake duba shi, sannan aka cire shi a 2024. A Kanada an sallami 'yan ɗaruruwa, daga baya kwamitin da ke duba koken sojoji ya ga cewa tsarin ya taka haƙƙoƙin da kundin ƙasar ya tanada.

Soja dai ya yi rantsuwa, yana kuma da kundin da ya keɓanta da shi da kotunan da ke shari'arsa. Ma'aikacin jinya da likitan asibitin farar hula ba su yi irin wannan rantsuwa ba, suna iya ajiye aiki duk ranar da suka so, amma su ma an ba su zaɓi tsakanin allura da albashi a Faransa da Italiya da jihohin Amurka da dama, bisa hujjar cewa marasa lafiyar da ke hannunsu ba su da ƙarfin kare kansu. Babi na gaba zai duba ko wannan hujja ta isa ta ɗauki nauyin da aka ɗora mata, da abin da ya faru da asibitocin da suka rasa ma'aikatansu a tsakiyar annoba.